Dillancin intanet: yadda ake farawa daga waya har a karɓi la'adar farko

Tambayoyin da masu karatu suka fi turowa kan wannan harka kusan iri ɗaya ne, maza da mata: wai affiliate marketing ɗin nan da gaske ana samun kuɗi a cikinsa? Ta ina ake farawa? Nawa zan kashe? Ana samu, amma ba da saurin da masu tallan kwas suke faɗa ba, kuma yawancin waɗanda suka fara suka watsar, a wurare biyu ko uku sanannu suke faɗuwa. Wuraren nan zan fi tsayawa a kansu.

Aikin dillanci ne, irin wanda muka sani a kara ko a Kantin Kwari: ka haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, a ba ka la'ada. Bambancin shi ne a kasuwa mai kaya yana ganin ka da idonsa lokacin da ka kawo mutum, a intanet kuwa ba ka da shaida sai linki na musamman da kamfani ya ba ka. Wanda ya bi ta linkin ya saya, an rubuta maka. Wanda ya ji bayaninka ya gamsu, ya je ya saya ta wata hanya, ka yi wa kamfani aikin kyauta. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk matakan da ke tafe a kansa suke.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Wayar Android mai kyamara mai ɗan haske ta isa, ba sai da kwamfuta ba. Bayan ita kana buƙatar:

imel na Gmail da sunanka na gaskiya, wanda za ka keɓe wa wannan aiki kaɗai. Asusun banki, ko na OPay, Moniepoint, PalmPay ko Kuda. Layin waya na biyu da za ka ɗora WhatsApp Business a kai. Manhajar Canva don hotuna da CapCut don gyaran bidiyo, dukkansu suna da ɓangaren kyauta da ya ishi mai farawa. Sai littafi da biro, ko Google Sheets, don lissafi.

Babban abin da zai ci maka kuɗi a watannin farko data ce, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025. Ka sayi ta wata guda maimakon ta kullum, ka riƙa ɗora bidiyo da dare idan layinka yana da rangwamen dare.

Gargaɗi: sunan da ke asusun bankinka, da na NIN da BVN, da wanda za ka yi rajista da shi, dole su zama ɗaya harafi da harafi. Idan a banki Muhammad ne, a rajista ka rubuta Mohammed, ranar cire kuɗi za a iya tsayar da kai. Haka kuma kada ka sa asusun yaya ko na miji. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp tun ranar farko, domin duk wanda ya shiga imel ɗinka yana iya sauya lambar asusun da ake biyan ka.

Mataki na 2: Tsaya a fanni ɗaya

Mai farawa yakan so ya tallata komai: yau takalmi, gobe kwas ɗin koyon kwamfuta, jibi maganin ƙiba. Mutane ba sa sanin sa da komai, saboda haka ba wanda yake tambayar sa komai. Ka zaɓi fanni ɗaya wanda ya cika sharuɗɗa uku. Ka san shi har kana iya amsa tambaya ba tare da ka je bincike ba. Mutanen da ke kusa da kai suna kashe kuɗi a kansa tun kafin ka zo. Kuma kaya ne da ba za ka ji kunya ba idan mahaifinka ya saya ta hannunka.

Mai gyaran waya ya tsaya a caja, fawa-banki da iyafis. Uwargida mai sha'awar girki ta tsaya a bilenda, tukunyar lantarki da kayan kicin. Ɗalibin jami'a yana iya tsayawa a littattafai da kwasa-kwasan koyon sana'ar intanet. Mai haɗa sola ya riga ya san wace fanka da wane ƙwan fitila ne suke da ƙarko.

Ka kuma lura da lokaci. Fanka mai caji kasuwarta tana buɗewa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta kuma wuta ta yi ƙaranci. Kayan kicin suna tafiya makonni kaɗan kafin azumi, kayan makaranta a Satumba, manyan shagunan intanet kuma suna yin gagarumin rangwamensu na Black Friday a Nuwamba. Wanda ya shirya bayanansa wata guda kafin lokaci shi yake cin kasuwar.

Gargaɗi: shirye-shiryen da suka fi ba da kaso mai tsoka galibi su ne na caca, da manhajojin bashi da ruwa, da masu alƙawarin riba a cinikin kuɗaɗen waje, da magungunan ƙarfi ko na rage tumbi da man bilicin. Ka nisance su. Ban da haramcin wasu daga ciki, mutumin da ya yi asara ko ya cutu ba kamfanin ya sani ba, kai ya sani. Duk abin da ake sha ko ake shafawa, idan ba shi da lambar NAFDAC, kada sunanka ya kusance shi.

Mataki na 3: Zaɓi shirin da za ka shiga

Iri huɗu ne a gabanka, kuma kowanne da halinsa.

Na farko manyan shagunan cikin gida, kamar Jumia da Konga. Mutane sun san sunansu, ana biya da naira, a wurare da yawa ana iya biya bayan an kawo kaya. Kason dai ƙarami ne. A ƙaddara fanka ta naira 40,000 ce, kasonka kashi 5 cikin 100, la'adarka naira 2,000 ke nan.

Na biyu dandamalin kayan da ba a taɓa su da hannu, wato littattafan waya da kwasa-kwasai, kamar Selar, Expertnaire da Stakecut. A nan kaso yakan kai kashi 30 zuwa 50, domin mai kayan ba ya kashe komai wajen ƙara kwafi. Kwas na naira 20,000 a kashi 50 ya ba ka 10,000, daidai da fanka biyar. Amma sayar da shi ya fi wuya, kuma wasu daga cikin dandamalin suna karɓar kuɗin rajista na shekara. Selar tana aiki da kuɗaɗe da dama ban da naira, har da sidi da sefa, abin da ya sa ta fi sauƙi ga 'yan'uwanmu na Ghana, Nijar da Kamaru.

Na uku na ƙetare: Amazon, AliExpress, da kamfanonin ajiye shafukan intanet irin su Hostinger. Da dala suke biya, shi ya sa kowa yake hangen su. Sai dai a Amazon yawancin kaya kasonsu tsakanin kashi 1 ne zuwa 10, kuma masu sayen da za su amfane ka mutanen Amurka ne ko Ingila, ba abokanka na WhatsApp ba. Idan ba ka da mabiya a can, ka ajiye wannan zuwa gaba.

Na huɗu, wanda ake yawan mantawa da shi: yarjejeniya kai tsaye da ɗan kasuwar da ka sani. Mai shadda a Kwari, mai waya a Farm Centre, mai turaren wuta da humra a unguwarku. Ku yi magana a rubuce ta WhatsApp kan nawa ne naka a kowane ciniki da ranar biya, ya ba ka wata lamba ko kalma da duk wanda ka turo zai ambata. A ganina wannan da na farko su ne suka fi dacewa da mai farawa a Arewa, domin za ka iya riƙe kayan a hannunka, ka kuma san inda za ka sami mai shi idan an sami matsala.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka danna rajista ka nemo amsar abubuwa biyar a shafin sharuɗɗansu, ranar da za ka shiga, domin sukan canza: nawa ne kaso a kayan da kake so, kwana nawa linkinka yake ci gaba da aiki bayan an danna, nawa ne mafi ƙarancin abin da ake iya cirewa, yaushe ake biya kuma ta wace hanya, me yake faruwa da la'ada idan mai saye ya mayar da kaya.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a wannan jagora: ba duk abin da aka sa wa sunan affiliate ne dillanci ba. Ka tambayi kanka, idan yau aka daina shigar sababbin mutane, akwai kayan da za a ci gaba da saye? Idan kuɗin da za a ba ka daga kuɗin rajistar wanda ka kawo yake fitowa, shi ma sai ya kawo wasu kafin ya samu, to tsarin yaudara ne, komai kyan sunansa. Haka duk inda aka ce ka zuba kuɗi ka riƙa danna wasu ayyuka kullum suna ninkuwa. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a masu yawa, kuma a duka biyun waɗanda suka jawo 'yan'uwansu su ne suka rasa inda za su sa fuskarsu. Ko a dandamali na gaskiya ma, idan kwas ɗin da ake so ka sayar ba ya koyar da komai sai yadda za ka sayar da shi kansa kwas ɗin, ka bar shi.

Mataki na 4: Yi rajista

Ka shiga shafin kamfanin da kanka ta burauza, ka gangara ƙasa inda sukan sa shirin dillalai. Kada ka bi linkin rajista da baƙo ya turo maka. Za su nemi suna, imel, lambar waya, asusun banki, da adireshin inda za ka riƙa talla, wato shafinka na Facebook, TikTok, Instagram ko YouTube. Saboda haka kafin ka nema, ka tabbata shafin yana da rubutu ko bidiyo akalla goma a kan fannin da ka zaɓa. Shafi fayau ba komai a ciki shi ne babban dalilin ƙin amincewa.

Idan kamfanin Amurka ne, za a ba ka takardar haraji mai suna W-8BEN, wadda take nuna kai ba ɗan ƙasar ba ne. Ka cika da bayananka na gaskiya. Za ka kuma buƙaci hanyar karɓar dala, kamar Payoneer ko Grey, ko asusun dala a bankinka.

Gargaɗi: a Amazon agogo yana fara bugawa ranar da ka yi rajista. Idan ba a yi ciniki uku ta linkinka cikin kwana 180 ba, za a rufe asusun. Kada ka buɗe tun ba ka da masu sauraro. Sannan akwai dandamalin da ba sa karɓar 'yan Najeriya, ClickBank ya daɗe a haka. Za ka ga masu koya maka ka ɓoye ƙasarka da VPN ka sa adireshin ƙarya. Kada ka yi. Rajistar takan wuce, amma ranar biya za su nemi katin shaida, kuɗin kuma ya maƙale.

Mataki na 5: Ciro linki ka gwada shi

Bayan an amince da kai, ka shiga shafin lissafinka, ka nemo kayan, ka ciro linkinsa daga can. Kada ka kwafo adireshin kaya daga shagon kai tsaye ka raba, wannan ba shi da lambarka a ciki. Kowane kaya da linkinsa, kuma ya fi kyau ka kai mutum kan kayan kansa maimakon shafin farko na shago, inda zai ɓace cikin dubban kayayyaki.

Lokacin da mutum ya danna, ana ajiye wata 'yar alama da ake kira kuki a burauzar wayarsa, ita ce take shaida wa kamfani cewa kai ka kawo shi. Tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ne kacal, a wasu wuraren mako guda, a wasu wata guda ko fiye. Yawancin shirye-shirye kuma linkin ƙarshe da mutum ya danna kafin ya biya shi suke ba la'ada.

Ka tura linkin zuwa wayar wani a gida, ya danna, ka koma shafinka ka ga ko an ƙirga. Wani lokaci sai bayan 'yan awanni yake fitowa. Idan linkin ya yi tsawo ka gajarta shi da abin gajartawar kamfanin, ko da Bitly idan sharuɗɗansu sun yarda.

Gargaɗi: kada ka sayi kaya wa kanka ta linkinka don ka ci la'ada. Kusan dukkansu sun hana, kuma suna ganewa ta waya, kati da adireshi.

Mataki na 6: Gina wurin da za a riƙa jin ka

Ka zaɓi wuri ɗaya na jawo baƙi da wuri ɗaya na hira. TikTok, Facebook ko YouTube su jawo, WhatsApp ya zama wurin hira. Kowanne da dokarsa game da linki. A Instagram linki ba ya dannuwa a ƙarƙashin hoto, sai a bayanin shafi ko a Story. A TikTok asusun mutum yakan buƙaci mabiya 1,000 kafin a ba shi damar sa linki a bayanin shafi, kafin nan sai ka riƙa nuna lambar WhatsApp ɗinka ta kasuwanci. A YouTube ana sa shi a bayanin bidiyo. Idan linkinka sun yi yawa, Linktree zai tara maka su a shafi ɗaya.

A WhatsApp, sitatus ɗinka ba ya isa ga mutum sai kun ajiye lambar juna, saƙon bai-ɗaya kuma mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu. Don haka duk wanda ya yi maka magana, ka roƙe shi cikin ladabi ya ajiye lambarka, kai ma ka ajiye tasa da sunan abin da ya tambaya, misali "Hajiya bilenda Zariya". Wata uku nan gaba za ka gode wa kanka.

Gargaɗi: kada ka tura linki cikin guruf ɗin masallaci, na makaranta ko na dangi ba da izinin shugabansa ba, kada kuma ka zuba mutane cikin guruf ɗinka ba su nema ba. Idan aka yi ta kai ƙarar lambarka, WhatsApp zai rufe ta, duk mutanen da ka tara su tafi da ita.

Mataki na 7: Abin da za ka wallafa

Nan ne aikin yake. Hoton kaya daga shagon kamfani da rubutun "sayi yanzu" ba ya sayar da komai, domin mutum ɗari sun riga ka wallafa shi. Gani ya kori ji. Ka nuna kayan a hannunka, da muryarka, da Hausarka. Idan ba ka da halin saye, ka ara wurin wanda yake da shi, ko ka je shagon da ake sayarwa ka nemi izinin ɗauka.

Ɗauki fanka mai caji. Ka caja ta har ƙaramar fitilarta ta koma kore, ka nuna agogon waya, ka kunna ta a lamba 2, ka rataya ɗankwali a gabanta don a ga ƙarfin iskar, ka matso da waya kusa don a ji ƙararta. Da ta mutu ka sake nuna agogo. Sai ka rubuta abu irin wannan, da alƙaluman da kai ka gani:

"Na kunna ta ƙarfe 9 na dare a lamba 2, ta tsaya ƙarfe 3 da rabi. A kwali awa 10 aka rubuta, ni awa 6 da rabi na samu. Ta ishi mutum biyu a ƙaramin ɗaki, ba za ta ishi falo ba. Tana da wurin cajin waya, amma yin hakan yana rage mata lokaci. Mai so ga linki. Idan ka saya ta nan kamfanin zai ba ni la'ada, farashinka ba zai ƙaru ba."

Jimlar ƙarshen nan kada ka bar ta. Amazon ma ya wajabta wa dillalansa su bayyana, amma ko babu doka, mutumin da ya gano daga baya cewa kana da kaso ka ɓoye masa ba zai sake yarda da shawararka ba. Faɗin aibin kaya kuwa addini ya riga kowa umarni da shi, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. A kasuwance ma shi ne riba, domin wanda ya sayi fankar yana sane da awa shida ba zai mayar da ita ba, wanda aka ce masa awa goma kuwa zai mayar, la'adarka ta bi ta.

Kada duk abin da kake wallafawa ya zama talla. A cikin rubutu biyar, huɗu su zama amfani tsantsa: yadda ake cajin batir ya daɗe, yadda ake gane caja ta jabu, bambancin bilenda mai niƙa tattasai da mai iya niƙa wake. Tambayoyin da ake yi maka su ne kanun rubutunka na gobe.

Gargaɗi: kada ka ɗauki bidiyon wani ka goge sunansa, kada ka wallafa hoton alat na ƙarya ko shaidar mai saye da ka ƙirƙira. Kada kuma ka rubuta farashi kamar ba ya motsi, ka ce "farashin yau", domin gobe yana iya sauyawa.

Mataki na 8: Raka mai saye har ya biya

Kwasa-kwasan da aka shirya don Turai ba sa koyar da wannan, alhali a wurinmu a nan ake asarar mafi yawan la'ada. Mutanenmu da yawa ba su saba sa katin banki a shafin intanet ba. Mutum zai ga bidiyonka, maimakon ya danna linki sai ya turo: "Salamu alaikum, nawa ne? Turo akawun." Idan ka mayar masa da linki kawai ka yi shiru, ya tafi ke nan.

Ka amsa da saƙon murya gajere. Misali: "Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. Kayan ba a hannuna suke ba, na kamfani ne, su za su kawo miki. Ki danna wannan linkin, ki danna maɓallin sawa a kwando, ki rubuta adireshi da lambar waya. Duk inda kika tsaya ki turo min hoton allon, ina nan." Ka shirya ɗan bidiyo na minti ɗaya da ka ɗauki allon wayarka kana nuna matakan daga farko har biya, ka ajiye shi, ka riƙa tura wa kowa. Ka gaya mata tun farko akwai kuɗin kawowa, da kwanakin da zai ɗauka, da cewa idan adireshinta yana da wuyar kwatance tana iya zaɓar wurin karɓar kaya mafi kusa. Idan akwai biya bayan an kawo, ko biya ta tiransifa, ka nuna mata, shi ne yake kwantar da hankali.

Abubuwa uku suke yawan yanke la'ada a wannan gaɓa. Mutum ya danna a wayarsa, ya je ya saya a wayar ɗansa. Ko ya danna yau, ya dawo bayan wa'adin kuki ya wuce. Ko ya rufe linkin ya buɗe manhajar shagon da kansa ya nemo kayan. Maganin duka ɗaya ne: ka ce masa, "Lokacin da ka shirya biya, ka sake danna linkin nan, a wayar da za ka biya da ita, ka ƙarasa a nan take." Idan ya ce sai ƙarshen wata, ka rubuta a littafinka, ranar ka tuna masa sau ɗaya da sabon linki. Sau ɗaya ya isa, naci yana kore mutum.

Gargaɗi: kada ka karɓi kuɗin mai saye a asusunka ka ce za ka saya masa. Da zarar ka karɓa ka tashi daga dillali ka koma mai kaya, duk jinkiri ko lalacewa a wuyanka take, kamfani kuma yana iya ɗaukar cinikin a matsayin ka saya wa kanka. Idan yawancin mutanenka irin masu son a yi musu oda ne, akwai tsarin da aka gina don haka, kamar JForce na Jumia, inda wakili yake yi wa mutane oda a hukumance ya sami kasonsa. Ka shiga wannan ta ƙofarsa.

Bayan kaya sun isa, ka tambayi mutum ya ya same su. Idan akwai matsala ka nuna masa yadda ake mayarwa kafin wa'adi ya ƙare, ko da hakan zai cinye la'adarka.

Mataki na 9: Lissafi da cire kuɗi

Duk mako ka rubuta abu huɗu ga kowane kaya: mutum nawa suka gani, nawa suka danna, nawa suka saya, nawa aka tabbatar. Alƙaluman za su nuna maka inda ciwon yake. Ana gani ba a dannawa, bayaninka ne bai ja hankali ba. Ana dannawa ba a saye, to farashi ne, ko kuɗin kawowa, ko tsoron biya, sai ka koma mataki na 8. Ana saye ana mayarwa, kayan ne ba su da kyau, ka daina tallata su ko da suna tafiya.

Kuɗin da ka gani a shafinka ba naka ba ne sai an tabbatar. A shagunan kaya sai an kai, wa'adin mayarwa ya wuce. Amazon sai kusan kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki yake biya. Kada ka ci bashi a kan la'adar da ba ta shigo ba. Idan ta kai adadin cirewa ka cire, kada ka tara ta a dandamali. Ka ajiye shaidar kowane biya, domin kuɗin shiga ne, kuma a sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ne kawai aka yafe wa haraji.

Gargaɗi: kamfani na gaskiya ba ya cewa ka tura kuɗi kafin a sakar maka la'adarka, ba ya kuma neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta saƙo.

Mataki na 10: Tallan kuɗi, sai daga baya

Kada ka biya Facebook ko TikTok ko sisi sai kaya ɗaya ya sayu sau da yawa ba tare da talla ba. Idan lokacin ya yi, ka ɗauki bidiyon da ya riga ya kawo ciniki, ka ware kuɗin da ba zai dame ka ba idan ya tafi, daga cikin la'adar da ka riga ka karɓa, ka sa tallan ya kai mutane WhatsApp ɗinka maimakon linki kai tsaye. Ka taƙaita shi ga garuruwan da kamfanin yake kai kaya. Kamfanin Meta, mai Facebook, yana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan 'yan Najeriya, ka sa shi a lissafi, ka kuma duba ƙa'idojin hukumar ARCON, wadda take buƙatar a tantance talla kafin a fitar. Lissafin mai sauƙi ne: idan la'adarka a fanka 2,000 ce, kuma kana kashe 2,500 a talla kafin mutum ɗaya ya saya, ka tsayar da tallan a ranar, ka koma ka gyara bidiyon ko ka sauya kayan.